Filin Fasaha: Kafin Mu Ƙara wa Hoto Launi

A yau da wuya hoto ya fita daga kyamara ya shiga WhatsApp ba tare da an taɓa shi ba. Mu ja wannan maɓalli, mu ja wancan, har sararin sama ya koma kamar an tsoma shi a rijiyar rini ta Ƙofar Mata. To, me ke faruwa a cikin na'ura idan muka ja?

Hoton dijital ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. Kyamara mai megafiksel 12 tana ɗaukar ɗigo kusan miliyan 12 a hoto guda. Kowane ɗigo lambobi uku ne: ta ja, ta kore da ta shuɗi, kuma a hoton JPEG kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Idan duka ukun 0 ne, baƙi ke nan. Idan duka 255 ne, fari fat. Ku ninka 256 a kanta sau uku, za ku samu launuka 16,777,216. Ashe gyaran hoto lissafi ne zalla, ko a Photoshop aka yi shi, ko a GIMP da Snapseed waɗanda kyauta ne. Masu tambayar ina amfanin lissafi a rayuwa, ga shi nan a aljihunku.

Mu fara da daidaita fari, domin shi ne tushe. Ba kowane haske ne launinsa ɗaya ba. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana ba da haske mai ɗorawa-ɗorawa, wajen Kelvin 2,700, rana tsaka kuwa wajen 5,500, inuwa kuma ta fi haka karkata zuwa shuɗi. Idonmu yana gyara wannan da kansa, kyamara kuwa canka take yi, wani lokaci ta kuskure. Mu nemi abin da muka san fari ne a hoton, kamar rigar makaranta ko takarda, mu ja maɓallin ɗumi ko sanyi har ya dawo fari. Sauran launuka za su bi sahu.

Sai kwantiras, wato tazarar da ke tsakanin haske da duhu. Ƙara shi yana tura lambobin sama su ƙara hawa, na ƙasa su ƙara sauka. Yana da amfani sosai a hunturu, lokacin da hazo ke sa komai ya yi toka-toka, lambobin duk su cunkushe a tsakiya. Amma akwai rufi. Ku ɗauki farar shadda mai aiki a wuya. A ce yadin yana kan 240, zaren aikin yana kan 250. Muka zafafa kwantiras, dukkansu suka buga 255, aikin da maɗinki ya kwana yana yi ya ɓace, ya zama fili guda. Idan aka adana hoton a haka, babu manhajar da za ta dawo da shi. Shi ya sa masu sana'ar hoto ke kallon wani jadawali mai kama da duwatsu da ake kira histogiram: hagunsa duhu, damansa haske. Da sun ga dutsen ya manne a bango ɗaya, sai su ja da baya.

Kaurin launi shi ne inda muka fi zarmewa, don yana da daɗin ido a karon farko. Maɓallin yana ƙara wa kowane launi ƙarfi baki ɗaya, bai san fuska ba, bai san ganye ba. Jar hula takan rasa saƙarta, fata kuma ta koma ruwan lemo. Manhajoji kamar Lightroom suna da wani maɓalli na biyu kusa da shi wanda ke ɗaga launukan da suka kwanta kawai, ya sassauta wa fata. Shi ya fi dacewa da hoton mutane. Dabararmu ita ce mu ja har ya yi yawa, sannan mu dawo rabin hanya.

Batun fata yana da tarihi. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa bai wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, domin su daidaita injinansu da launin fatarta. Sakamakon haka, baƙar fata takan fito a dunƙule, babu fasali. Binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla, yana cikin abin da ya sa aka inganta fim ɗin. A 2021 Google ya fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 don magance irin wannan matsala. To idan fuskar abokinmu ta yi duhu a hoto, abin yi shi ne mu ɗaga haske a wuraren inuwa har idanu da kumatu su fito, launinsa yana nan yadda yake. Amma mu mayar da baƙi wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa kuma fari? Mu dai a wannan fili ba mu ɗauki wannan a matsayin gyara ba. Bilicin ne, sai dai ba a shafa mai ba.

Kada ku ce ai wasa ne. A Yunin 1994 mujallun Time da Newsweek sun buga hoto ɗaya na O.J. Simpson wanda 'yan sanda suka ɗauka. Newsweek ta bar shi yadda yake, Time ta duhunta nata, aka jera su a wurin masu sayar da jarida, kowa ya ga bambancin, har Time ta sha suka mai zafi. Da aka rage hasken, abin da mai kallo ya ji game da mutumin ya canza. A nan kusa da mu, hoton rajistar JAMB ko NECO amfaninsa a gane mai shi ranar jarrabawa, don haka ba wurin kwalliya ba ne. Wadda ke taya mama tallar atamfa a waya ita ma ta kula: idan ta ƙara wa zanen kauri, mai saye ta buɗe leda ta ga ba launin ba ne, ciniki ya watse.

Kafin mu taɓa komai, mu kwafi hoton mu ajiye na asali, domin JPEG yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Kada mu yi gyara a cikin rana ko allo yana can ƙasa da haske, za mu wuce gona da iri ba mu sani ba. In za a kai hoto wurin bugawa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil don kada manhajar ta matse shi.

Aikin gida: ku ɗauki hoton farar takarda a ƙarƙashin ƙwan ɗakinku da dare, ku sake ɗaukar ta a inuwar bishiya da hantsi, sannan ku gwada mayar da su fari iri ɗaya.