Dakoro: Kuɗin ɗan ci-rani, lissafin 'yan fada

A Dakoro, kafin ɗan ci-rani ya sauke jakarsa an gama yi masa lissafin aljihu. In ya dawo daga Libiya ko Aljeriya ko wurin haƙar zinariya na Jado ya sayi babur, sai a ce a fada ɓarna ya yi. In ya sayi tumaki ya ci gaba da sa tsohuwar rigarsa, a ce rowa ta kashe shi.

Masu wannan hukunci ba kasafai suke duba aikin da kayan ke yi ba. A ƙauyukan Kornaka da Birnin Lalle, babur ne ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, da rana a yi kabu-kabu da shi. Wayar da ake kira gayu, da ita ake jin inda aiki ya buɗe, da ita ake sanar da uwa ta je Nita ta karɓi saƙo. Matar da ake zagi kan kuɗin da ta kai gidan biki kuwa ajiya ta yi: ranar nata bikin za a mayar mata, sau da yawa har da ƙari. Makiyayin kwarin Tarka ma bankinsa yana tafe ne da ƙafa huɗu.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Da yawa daga masu cewa wane bai iya riƙon kuɗi ba, tsarabar da ba ta iso su ba ce ke magana. Ga wanda ya yi ci-rani a Kano ko Legas abin ya fi ciwo: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, abin da ya tara kan narke in an canja shi zuwa sefa, amma jerin masu jira a gida bai ragu ba.

Sai dai akwai inda dangi ke da hurumin magana. Magidancin da ya kwashe gero daga rumbu da kaka, lokacin da tiya ke araha, don ya ƙara aure, zai saye shi da tsada da damina, kuma yara ne za su fara ji a jikinsu. Garin da ya ga cibiyar kula da masu tamowa a yunwar 2005 ya san wannan. Abin mamaki, irin wannan magidanci ba a cika zaginsa a fada ba, goron ɗaurin aurensa ake ci.