Kafin A Sake Tara Kuɗin Sabuwar Amfilifaya

Ranar Juma'ar da ta wuce na yi sallah a wani masallaci a unguwarmu a nan Legas. Sahu na huɗu nake, ina hangen liman da idona, amma wallahi in ka ce in maimaita maka jimla uku daga cikin huɗubar ba zan iya ba. Sautin kam akwai shi, har ƙirji yake dukana. Maganar ce babu. Da aka sallame sai aka yi sanarwa cewa kwamiti na neman gudummawa don a sayo amfilifaya mai ƙarfi, saboda mutane na korafin ba sa ji. Wannan ne karo na uku da aka yi irin wannan tarin kuɗi a wurin.

Ra'ayina shi ne kada a saya. Matsalar ba ta na'ura ba ce, ta ginin ce, kuma haka abin yake a yawancin masallatanmu da ɗakunan taronmu.

Ku dubi yadda muke gini yanzu. Tayil a ƙasa, tayil a bango har sama, gilashi a taga, dakin a bisa, wani lokacin har da ƙubba. Yana da kyau a ido kuma yana da sauƙin gogewa. Sai dai duk abu mai tauri da santsi ba ya shan sauti, mayar da shi yake yi. Liman ya furta kalma, ta daki bango, ta koma ɗaya bangon, ta hau sama ta sauko, tana ta yawo a ɗakin bayan shi ya riga ya wuce kalma biyu ko uku. Abin da ke isa kunnenka cakuɗe ne na sabuwar magana da tsohuwa. Wasula su ne masu ƙarfi da tsawo, baƙaƙe kuwa gajeru ne marasa ƙarfi, don haka amsa-kuwwar wasali ke binne baƙin da ya biyo bayansa. Kuma baƙaƙen ne ke rarrabe kalma da kalma. Shi ya sa kana jin murya amma ba ka gane abin da ake cewa.

To, in ka ƙara ƙarfin na'ura me zai faru? Muryar liman za ta ƙaru, amsa-kuwwarta ma za ta ƙaru daidai da ita. Ka kashe kuɗi ka sayi ƙarin ruɗani.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta samu kanta da wani ɗakin lacca da ba a fahimtar malami a cikinsa, sai ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya mai suna Wallace Sabine aikin gano dalili. Ya auna ya ga sauti na daɗewa a ɗakin sama da daƙiƙa 5 kafin ya mutu. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasan kujeru daga wani ɗakin taro da daddare suna jerawa, suna sake awo da agogo, har ya fitar da lissafin da masu gini ke amfani da shi har yau: girman ɗaki na tsawaita amsa-kuwwa, kaya masu laushi na rage ta. A lokacin babu lasifika ma. Ɗakin da aka yi don magana ana so sautin ya mutu cikin kamar daƙiƙa 1.

Kowa a cikinmu ya taɓa gwada abin nan bai sani ba. Karatun Asuba da sahu biyu ya fi ruɗewa a kunne fiye da na Tarawihi da masallaci ya cika, alhali na'urar ɗaya ce. Jikin mutane da rigunansu su ne matasan kujerun Sabine.

Saboda haka kuɗin da za a kashe kan amfilifaya a kashe shi kan kafet mai kauri da shimfiɗa a ƙarƙashinsa, da labule mai nauyi a bangon baya, wato wanda lasifika ke fuskanta, don shi ne babban mai laifi. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka bangon da ke nesa da mita 17 zai dawo da magana a matsayin murya ta biyu daban. Sannan maimakon manyan akwatuna biyu a gaba suna ruri, a sa ƙanana shida ko takwas a jikin ginshiƙai, a karkato su ƙasa wajen kawunan mutane, a rage musu ƙarfi. Wanda lasifika ke kusa da shi yana samun maganar kai tsaye kafin bango ya sa baki. Masu manna kiret ɗin ƙwai a bango kuwa su hutar da kansu, amfaninsa kaɗan ne, ga shi abincin gobara.

Akwai kuma wani maɓalli a jikin na'urorin nan da ke ƙara amsa-kuwwa da gangan. Matasan da ke kula da na'ura suna son murɗa shi don karatu ya yi zaƙi. Na gane, ni ma ina jin daɗinsa a kaset. Amma a ɗakin da ya riga ya cika da tasa amsa-kuwwar, ƙara gishiri ne a miyar da ta yi gishiri. Kukan nan mai huda kunne da ake ji shi ma ba lalacewa ba ce, makirufo ne ke jin lasifika yana sake tura mata abin da ta fitar. A matsar da ita gaban mai magana, ta ba shi baya.

Sai batun waje, wanda na san ba kowa ke son a taɓo shi ba. Mu a nan muna zaune ne katanga ɗaya da mutanen da ba yarenmu ɗaya ba, wasu ba addininmu ɗaya ba, akwai marasa lafiya da masu aikin dare. Hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, LASEPA, ta kayyade ƙara a unguwannin zama a kan desibel 55 da rana, 45 da dare. A 2016 gwamnatin jihar ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. Har a Saudiyya, a 2021, ma'aikatar harkokin addini ta umarci a taƙaita lasifikar waje ga kiran sallah da iƙama, kuma kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ba na cewa a kashe kiran sallah, Allah ya kiyaye. Amma sau da yawa ƙarar da ke damun maƙwabta ta cikin ɗaki ce da aka ƙure don a shawo kan amsa-kuwwa. In ciki ya gyaru, ita ma za ta sauka da kanta.

Ga roƙona ga 'yan kwamiti. Ku shiga masallacin da hantsi lokacin da babu kowa, a kashe fanka da janareta, mutum ɗaya ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, sauran su ƙirga. In kuka kai biyu ko uku tafin bai mutu ba, ku kira mai sayar da kafet da tela tukuna. Ku rataya ko da barguna ne na aro a bangon baya na Juma'a ɗaya, sannan ku tambayi dattawan sahun ƙarshe a kan me liman ya yi huɗuba.