Rashin Allon Zane Ba Hujja Ba Ne

Sanin kowa ne cewa tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kura da Bunkure da Kadawa. To amma magudanan da ke shayar da shinkafa da tumatir su ne kuma matattarar katantanwar da masana ke kira Bulinus, wadda ƙwayar cutar tsargiya ke girma a jikinta. Ana gane ta ne da siffar ƙwansonta: in aka riƙe shi tsininsa na sama, bakinsa na fuskantar mutum, bakin yakan faɗo hagu. Yaron da ke wanka a magudana yana bukatar hoton da zai nuna masa wannan ƙarara, kuma zanen da ba shi da haske da inuwa ba ya fitar da murɗin ƙwanso.

Malamai da yawa sukan ce irin wannan zane sai da allon zane mai alƙalami, wanda ke jin nauyin hannu. Wannan magana ba ta da tushe. Linzamin kwamfuta ya wadatar, kuma manhajar GIMP, wadda ɗalibai biyu suka fara haɗawa a Jami'ar Kalifoniya a 1995, kyauta ce.

Dabarar ita ce a maye gurbin nauyin hannu da maimaici. Da farko a zana iyakar ƙwanson, a killace shi don kada launi ya tsallake, kamar yadda mai fentin mota ke rufe gilashi da takarda. Sai a ɗauki burushin feshi mai laushin baki, mai faɗi, a rage kaurin launinsa zuwa kamar kashi 10 cikin 100. A yanke shawarar inda haske ke fitowa, sannan a riƙa fesa ɗaya gefen sau da yawa, inuwar tana taruwa sannu a hankali. Ɗan manomin da ya taɓa goya famfon feshi ya san cewa tsayawa wuri ɗaya ƙona ganye yake yi. A ajiye inuwar a falle daban da na zanen, domin in an yi kuskure a goge ta ita kaɗai.

Sai dai akwai gargaɗi biyu. A jarrabawar bayoloji ta WAEC, layi mai tsabta ake nema, ba a son inuwa. Wurin feshi shi ne hoton bangon aji da na asibitin ƙauye. Na biyu, kada a juya hoton, domin juyi ɗaya zai mayar da bakin hagu zuwa dama, a koyar da yara wata katantanwar daban.

Saboda haka ya kamata malamin kimiyya ya ɗebo ƙwanson da ya bushe daga bakin magudana, ya ajiye shi gaban ɗalibai kusa da kwamfutar makaranta, su duba da kyau kafin su taɓa linzami.