Kun Rushe Zaure, Kun Sayo Kwaɗo

Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwana mazauna garin Bauchi, mu da iyayenmu suka baro Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram suka zo neman halaliya, suka kama rumfa a Wunti da Muda Lawal, har Allah Ya zaunar da su aka haife mu a nan. Yau da mu nake. Duk wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wani sabon yayi ne ya shigo mana ta TikTok da Facebook, wai shi fanshuwe, wanda ake rubutawa Feng Shui. Za ka ji matashi yana ba da fatawa cewa kada ƙafar gado ta kalli ƙofa don haka ake fitar da gawa, kada madubi ya kalli gado, a riƙa rufe murfin masai don kada arziki ya bi ruwa ya tafi, a ajiye tukunyar kifi a kusurwar kudu maso gabas don kuɗi su shigo. Wasu 'yan jere sun fara ɗauka, wasu masu shago kuma har sun girke gunkin kwaɗo mai ƙafa uku da kwabo a baki kusa da akwatin kuɗi. In ka yi magana a ce maka ba ka waye ba, wai ilimin Sinawa ne. To, bari mu baje shi a faifai mu gani.

Kalmomi biyu ne na Sinanci, na farko iska, na biyu ruwa. Tsohuwar al'ada ce ta zaɓen wurin gina gida ko haƙa kabari, bisa imanin cewa akwai wani ɓoyayyen ƙarfi da suke kira "ci" mai yawo a doron ƙasa, iska na watsa shi, ruwa na tsare shi. Masu sana'ar suna da wani faifai mai allurar nuna arewa, zagaye da rubuce-rubuce, da shi suke yin lissafinsu. Babbar ƙa'idarsu ita ce gida ya kalli kudu, dutse na bayansa, ruwa na gabansa. Haka aka gina fadar sarakunansu ta Beijin wadda aka kammala a 1420, har suka tara ƙasar da suka haƙo suka yi tudu a arewa da ita.

Ni ban ce babu hankali a cikin wannan ba. Akwai. Amma hankalin ƙasarsu ne. A arewacin Sin iskar sanyi mai kashe mutum daga arewa take bugowa, rana kuma ta kudu take bi, saboda haka wanda ya juya wa arewa baya ya buɗe ƙofarsa kudu ya sami ɗumi kyauta. Mu fa? Mu a Bauchi wa ke neman ɗumi a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40? Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ma ranar tamu ta arewa da kanmu take bi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa katangar gabas ke riga sauran zaizayewa. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma, rana mai gasa ɗaki kuwa ita ce ta yamma bayan azahar. Wanda ya ɗauko lissafin Beijin ya dasa a Fadaman Mada ko Gwallameji, daidai yake da wanda ya sayo rigar sanyi a bazara don ya ga Bature da ita.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk ɗan abin hankalin da ke cikin fanshuwe kakanninmu sun riga sun yi shi da laka, ba su kuma haɗa shi da gunki ba. Sinawa kan gina 'yar katanga a bayan ƙofar gida don kada abu ya shigo kai tsaye, su ce mugayen iskoki ba sa iya shan kwana. Mu kuwa muna da zaure, wanda ba a taɓa saita ƙofarsa ta waje da ta ciki, sai an karkata. Daga nan ka faɗa farfajiya, ka ratsa shigifa, sannan ka ga tsakar gida. Dalilinmu a fili yake, sutura ce, don mai wucewa kada ya hango iyali. A zaure ake saukar baƙo, a nan ake karatun allo, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, a nan maƙwabta ke haɗa kwanon tuwo da dare. Iyayenmu da suka zo garin nan da 'yar jaka, da yawansu a zauren wani suka fara kwana kafin su san hanyar kasuwa. Mu da muke baƙi ai mun fi kowa sanin darajar zaure.

Duk mai son ya ga ilimin tsara gida, ba sai ya yi biza ba. Ya shiga motar Kafin Madaki da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa ya dubi gidan Madaki, ginin Babban Gwani na wajen 1860, wanda aka sa cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Tubali ne da azara da laka, katanga mai kauri, rufi mai tsawo, ga shi yau ya haura shekara 160. Duk wanda ya taɓa shiga soron ƙasa da tsakar rana ya san sanyin da nake nufi, babu fanka babu janareta. 'Yan uwana na Damagaram kuma, in kun je gida ku zaga unguwar Birni ku ƙare wa gidajen kallo da idon basira.

To mu me muka yi da wannan gado? Mun rushe zaure mun fitar da shago uku a bakin titi don haya. Mun sayi fuloti mai ƙafa 50 a 100 mun raba shi biyu, mun cusa ɗaki takwas a rabi, muka bar wani siririn lungu muka ce shi ne tsakar gida. Bishiyar maina da ke ba da inuwa mun sare, mun malale ƙasa da siminti. Bulo mai inci shida, kwano a sama, silin ƙasa-ƙasa, taga ɗaya tal, ita ma tana kallon katangar maƙwabci. Baƙo ya yi sallama, ƙofa na buɗewa idonsa na kan matar gida tana wanke-wanke. Bayan mun gama wannan aika-aika, sai mu koma waya muna tambayar wace kusurwa za a sa madubi don "ƙarfi mai kyau" ya zagaya. An bar jaki ana dukan taiki.

Tunda iska da ruwa ake magana, mu yi ta da gaske. Iska tukuna. Ɗakin da mutum bakwai ke kwana cikinsa da taga ɗaya a lokacin zafi, ai gayyatar sanƙarau ne, kuma manyanmu ba su manta 1996 ba, shekarar da cutar ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan, akasarinsu a Arewa. Ga janareta da ake kunnawa a lungu ko a baranda don tsoron ɓarayi, gubar hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, sai dai a wayi gari a ɓalle ƙofa a tarar da iyali a kwance. Wane madubi ne zai kore wannan?

Sai ruwa. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Mita 30 ita ce kusan ƙafa 100, wato tsawon fuloti sukutum. Ku gaya mini, a rabin fuloti ina za a samo wannan tazara? Rijiyarka na jikin katanga, sokawen maƙwabcinka na bayanta. A 2021 amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, Bauchi na sahun gaba cikin jihohin da suka fi jin jiki. Wai kuma a wannan gari ne za a ce mu ajiye ruwa a kwalba da ɗan itacen gora a ciki don sa'a. Sauron da ke yaɗa shawara a irin wannan ruwa na mazubi yake ƙyanƙyasa, kuma a 2019 shawara ta ɓarke a yankin Alkaleri da Yankari, nan kusa da mu. Ga kwata da muke toshewa da shara, ga masu gini a kan hanyar ruwa, sai Agusta ta zo a yi ta salati.

Mu koma kan kayan ɗaki, inda abin ya fi shafar aljihunmu. Mu ne fa masu zuwa Gwanju, mu ne masu shiga kasuwar kayan ɗaki ta Foshan mu ciko kwantena. Ɗaki ƙafa 12 a 12, a sa masa gado ƙafa 6 a 6, da wadirof mai ƙofa shida, da madubi, da durowa biyu, a kawo kujeru manya-manya a danne falo. Tagar nan ɗaya wadirof ya rufe ta. Amarya ba ta da inda za ta shimfiɗa darduma sai ta ture tebur. Uban yarinya ya sayar da gona ko ya karya jarinsa, wani ma auren 'yarsa ya yi ta ja da baya shekara da shekaru don kayan ɗaki ba su haɗu ba. Bayan wata shida ƙarƙashin gadon da ba ya ɗaguwa ya zama gidan ɓera, alhali jiharmu na cikin waɗanda zazzaɓin Lassa ya fi addaba tare da Ondo da Edo, kuma ɓera ne ke kawo shi. Matsalar ɗakin nan yawan kaya ne da son a gani a faɗa. Ko ta ina ka juya ƙafar gadon, bashin na nan.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce ai ado ne kawai, ba imani ya yi da shi ba. To in ado ne, me ya sa ba ka yarda a juya bakin kwaɗon ya kalli waje? Ranar da ka ji gabanka ya faɗi don yaro ya bar murfin masai a buɗe, abin ya tashi daga ado ya koma camfi, kuma tun muna Islamiyya aka karantar da mu hukuncin camfi da jingina arziki ga wanin Allah. Ban ware namu na gida ba. Wanda ya binne laya a bakin ƙofar shago da wanda ya girke kwaɗo, duk kanwar ja ce, ɗaya dai ya biya da naira ɗaya ya biya da dala. Abin dariya, mai lissafin kusurwar arziki sau da yawa bai san inda alƙibla take a ɗakinsa ba. A Bauchi gabas ce mai karkata arewa, wajen digiri 65 daga arewa. Tsofaffin magina kan kauce wa dasa masai yana fuskantar ta ko yana ba ta baya, ko da yake malamai sun yi sassauci in a cikin gini ne.

Wani kuma zai ce ai ga Sinawa nan sun yi arziki da shi. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace rauni. Shekara ɗaruruwa suna fanshuwe suna fama da yunwa. Gwamnatin da ta hau a 1949 camfi ta ɗauke shi, ta kuma yaƙe shi sosai tsakanin 1966 da 1976. Arzikin da kuke gani ya biyo bayan sauyin tattalin arziki na 1978 ne, da masana'antu da makarantu da lantarki da aiki ba dare ba rana. Kwaɗon ma a masana'anta aka zuba shi, wanda ya ci riba da shi shi ne wanda ya sayar maka. Ɗan kasuwa bai kamata a yi masa wannan wayo ba.

Magana ɗaya ce nake karɓa, cewa fili ya yi tsada, ba kowa ke iya gina gida irin na kakanni ba, da yawanmu ma haya muke. Gaskiya ne. Amma karkata ƙofa ba ya cin fili, 'yar katanga ko labule mai kauri ya isa ya hana ido shiga. Taga biyu masu kallon juna, ɗaya arewa ɗaya kudu, kuɗinsu bai kai na kujera ɗaya ba. Ka rage ɗaki ɗaya daga cikin takwas ka bar wa yara wurin shan iska. Ka dasa bishiya a yamma da ɗakin kwana. Kafin ka haƙa rijiya ka shiga gidan maƙwabci ka tambayi inda raminsa yake. Janareta ya kwana a waje, nesa da taga. Kayan ɗaki kuma a auna ɗakin da igiya kafin a je wajen kafinta, a bar wurin sallah, a bar hanyar tsintsiya. Masu gidajen haya a cikinmu, ku ji tsoron Allah, ɗakin da ba za ka iya sa ɗanka a ciki ba kada ka karɓi kuɗin wani a kansa.

Iyayenmu na ƙungiyoyin kasuwa, da ku nake a ƙarshe. Kuna zama a kan rikicin rumfa da kuɗin haraji, don Allah ku zauna sau ɗaya a kan kayan ɗaki da gidajen da muke ginawa a bayan gari. In babba ɗaya ya aurar da 'yarsa da gado da katifa da kujeru daidai ɗaki, goma za su samu ƙwarin gwiwar bin sa. In mai hali ɗaya ya bar zaure a sabon gidansa, yaron da zai sauka a tasha gobe daga Maraɗi ya sami wurin kwana kamar yadda iyayenmu suka samu.

Allah Ya ba mu arziki mai albarka, Ya rufa mana asiri a gidajenmu, Ya tsare mu daga camfi na gida da na waje. Wanda ya ga ba haka ba, ƙofa a buɗe take, ya kawo hujjarsa. Wassalam.