Rijiyoyin Suleja da Tsiyayar Man Fetur

Ma'ajiyar man fetur ta NNPC da ke Suleja ta maida garin matattarar tankokin mai. Abin da ke tsiyaya daga tankokin, da rumbunan gidajen mai na ƙarƙashin ƙasa, nutsewa yake yi har ya iske ruwan rijiya da burtsatse. Sinadarin benzin da ke cikin fetur yana haddasa sankarar jini, don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade shi a maikirogiram 10 cikin kowace lita ta ruwan sha. A Ogale ta ƙasar Ogoni, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya tarar da fiye da ninki 900 na hakan. Wajibi ne gwamnatin Jihar Neja ta ɗora wa dillalan mai kuɗin gwajin rijiyoyin maƙwabtansu, a kuma bayyana wa jama'a sakamakon.