Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Gina Shafukan Intanet

'Yan'uwa abokan sana'a,

Dalilin wannan takarda shi ne hotunan fuskar kwamfuta da waya, wato sikirinshot, da muke ɗorawa a shafukanmu. Sai ka ga mutum ya tsara bayani mai kyau kan yadda ake cike fom ko buɗe asusu, amma hoton da ya raka bayanin ya dushe, har mai karatu ya kasa bambance ƙ da k. Galibi laifin ba na na'ura ba ne, namu ne.

Mu riƙa tuna cewa sikirinshot rubutu ne da layuka, ba hoton biki ba. Tsarin JPEG, wanda ya fito a 1992, don hotunan kyamara aka yi shi. Yakan raba hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, sannan ya zubar da abin da ido ba zai lura da shi ba. A fuskar amarya ba a ganin wannan ragi, amma a gefen baƙin harafi kan farin fili sai ya bar dabbare-dabbare. Kuma duk sanda aka gyara hoton aka sake adana shi, ɓarnar ƙaruwa take yi. Shi kuwa PNG, da ya zo a 1996, ko ɗigo ɗaya ba ya zubarwa. WebP na kamfanin Google, da aka fitar a 2010, shi ma yana da nau'in da ba ya rage komai, kuma yawanci bai kai PNG nauyi ba. Tsakanin PNG da WebP za ku zaɓa.

Tun ran gini ran zane: ingancin hoto a wajen ɗauka ake samun sa. Fuskokin wayoyin zamani ɗigonsu ya ninka na tsofaffin kwamfutoci yawa, don haka hoton da ya fito tas a ofis yana iya dushewa a hannun mai karatu. Ku ƙara girman shafin zuwa kashi 200 cikin ɗari kafin ku ɗauka, sannan ku nuna hoton a rabin faɗinsa. Kada ku ja ƙaramin hoto don ya girma, domin kwamfuta cike giɓin kawai take yi da kame-kame. Ku yanke iya wurin da ake magana a kai, ku bar sauran.

In abokin aiki ne zai turo muku hoton ta WhatsApp, ku ce ya turo shi a matsayin fayil, domin manhajar tana matse hotunan da aka tura kai tsaye.

Sai batun nauyi. Yawancin masu karanta mu da waya suke shiga, da datar da suka saya da guminsu. Manhaja irin pngquant tana rage launukan PNG zuwa 256 ko ƙasa da haka, nauyi ya ragu sosai, rubutu kuma bai taɓu ba. Squoosh kuma tana nuna hoton asali da wanda aka matse gefe da gefe.

Kafin ku ɗora, ku rufe sunaye da lambobin mutane da baƙin tambari, sannan ku buɗe shafin a ƙaramar waya ku gwada karantawa. In sai kun matse ido, don Allah ku sake ɗauka.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a sana'a