Kocin da Bauchi ta rena, kofin da wasu suka ɗaga

A shekarar 1998 ƙungiyar Wikki Tourists ta Bauchi ta doke Plateau United ta Jos a bugun fenareti, bayan an tashi wasan ƙarshe babu ci, ta ɗauki Kofin Ƙalubale na Najeriya. A lokacin ƙungiyar ba ta kai shekara goma da kafuwa ba, domin a 1991 aka kafa ta. Waɗanda suka shaida wannan rana suna matasa, yau da yawansu sun aurar da 'ya'ya. Fiye da rubu'in ƙarni ke nan kofin bai sake kwana a Bauchi ba.

Abin da ya sa muka waiwayi wannan tarihi shi ne wani al'amari da ya kamata ya dami duk mai kishin ƙwallon ƙafa a jihar. Cikin 'yan shekarun nan, masu horarwa biyu da suka taɓa zama a benci a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa sun ɗaga wannan kofi, amma kowannensu da rigar wata ƙungiya ya ɗaga shi.

Na farko shi ne Abdu Maikaba. A ƙarƙashinsa Wikki ta ƙare a matsayi na uku a gasar firimiyar Najeriya ta 2016, bayan Enugu Rangers da Rivers United, ta kuma samu gurbin shiga gasar Kofin Confederation na Afirka. A kakar nan ne ɗan wasanta Godwin Obaje ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Da kakar ta ƙare Maikaba ya koma Akwa United, kuma a 2017 ya ci kofin da ita, inda ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti a filin wasa na Agege da ke Legas. Wikki kuwa, a wannan shekara, tun a zagayen share fage aka fitar da ita daga gasar Afirka.

Na biyu shi ne Aliyu Zubairu, wanda shi ma ya horar da Wikki kafin ya wuce gaba. A 2023 Wikki da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tare suka faɗo daga gasar firimiya zuwa rukuni na biyu. Shekara guda bayan haka, El-Kanemi a hannun Zubairu ta koma babbar gasa, sannan ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a Legas ta ɗauki kofin, karo na farko tun 1992. Daga nan aka ba shi riƙon ƙungiyar Flying Eagles ta 'yan ƙasa da shekara 20. Ƙungiyoyi biyu sun faɗa rami ɗaya, ɗaya ta fito da kofi a hannu, kuma wanda ya fito da ita mutum ne da Bauchi ta san shi.

Ba muna cewa da waɗannan mutane sun zauna lallai Wikki za ta ci kofi ba ne. Koci ma'aikaci ne, yana da 'yancin neman inda ya fi masa, kuma kowace rabuwa tana da nata dalilai. Abin da muke cewa shi ne, idan gona ta yi ta fitar da iri mai kyau amma kullum a rumbun maƙwabci ake ganin amfanin, ya wajaba mai gona ya zauna ya binciki yadda yake nomansa.

Akwai masu ganin cewa cin kofin sili-ɗaya-ƙwale ba ma'aunin gwanintar koci ba ne, sa'a ce kawai. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Wasannin ƙarshe na 1998 da 2017 da 2018 da 2019 da 2021 duk a bugun fenareti aka raba gardama. A Ingila ma, inda aka fara gasar Kofin FA tun kakar 1871 zuwa 1872, Roberto Martinez ya ci kofin da Wigan Athletic a 2013 bayan doke Manchester City, amma kwanaki kaɗan bayan haka ƙungiyar ta faɗo daga gasar firimiya. Gasar lig, wadda ake kwashe watanni ana bugawa gida da waje, ita ce ta fi nuna ƙarfin ƙungiya na haƙiƙa. Mun yarda da wannan.

Sai dai sa'a ba ta iya bayyana yadda wasu sunaye suke maimaituwa. Marigayi Shuaibu Amodu ya ci wannan kofi da BCC Lions ta Gboko, ya ci shi da El-Kanemi Warriors, kuma a 1990 ya kai BCC Lions ga ɗaukar kofin zakarun kofuna na Afirka. Arsene Wenger ya ɗauki Kofin FA sau 7 da Arsenal. Wasan da babu gyara a cikinsa yana da nasa ilimi: sanin ɗan wasan da zuciyarsa ba ta rawa a minti na 88, sanin lokacin canji, shirya masu bugun fenareti tun makonni kafin ranar, da riƙe hankalin 'yan wasa bayan doguwar tafiya a mota zuwa filin da ba na kowa ba. Wannan ilimi ba ya samuwa ga kocin da bai kai wata shida da ƙungiya ba.

Misalin da ya fi kusa da Bauchi yana Kano. A 2018, a filin wasa na Stephen Keshi da ke Asaba, Kano Pillars tana gaba da ci 3 da nema a wasan ƙarshe, Enugu Rangers ta Gbenga Ogunbote ta farke duka ukun, ta kuma yi nasara a bugun fenareti. Da wuya a sami ranar baƙin ciki irin wannan a tarihin Sai Masu Gida. A al'adar ƙwallonmu, kocin da hakan ta faru a hannunsa takardar sallama yake jira. Amma aka bar Ibrahim Musa a kan aikinsa. A 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, shi ne ya jagoranci Pillars ta doke Niger Tornadoes ta ɗauki kofin, karo na farko a tarihin ƙungiyar, kuma karo na farko da ya koma Kano tun 1953. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Rashin haƙuri da koci ba cutarmu ba ce mu kaɗai. Manchester United ta sallami Louis van Gaal kwana biyu bayan ya ci Kofin FA a 2016, Chelsea ma ta sallami Antonio Conte bayan ya ci kofin a 2018. Bambancin shi ne, can akwai kwantiragi mai ƙarfi da ake biyan diyyar karya shi, kuma tsarin ƙungiyar ba ya rushewa don mutum ɗaya ya tafi. A nan kuwa, mafi yawan ƙungiyoyinmu mallakin gwamnatocin jihohi ne. Hukumar gudanarwa takan sauya idan siyasa ta sauya, sabuwar hukuma ta zo da nata koci, koci ya zo da nasa 'yan wasa, a koma farko. Koke-koken bashin albashi da alawus sun daɗe da zama ruwan dare a gasar Najeriya. A irin wannan yanayi, kocin da ya yi fice shi ne na farkon tafiya, domin shi ake nema a waje.

Don haka muke kira ga gwamnatin Jihar Bauchi da masu tafiyar da Wikki Tourists su ɗauki wasu matakai da ba sa bukatar dukiya mai yawa. Duk kocin da za a ɗauka a ba shi rubutaccen kwantiragi na aƙalla shekara uku, a fayyace abin da ake so ya cimma kowace kaka, a kuma fayyace sharuɗɗan rabuwa, ta yadda rashin nasara a wasa uku a jere ba zai zama hukuncin kora ba. A ware kuɗin albashinsa da na mataimakansa cikin kasafin shekara, a riƙa biya a kan kari. A bar masa zaɓen 'yan wasa, masu faɗa a ji su daina turo sunaye. A ɗauki nauyin matasan masu horarwa na ƙananan ƙungiyoyin Bauchi da Azare da Misau su sami takardun shaidar horarwa na hukumar ƙwallon Afirka, domin a sami magada a gida.

Haka kuma a ɗauki gasar kofin da muhimmanci tun daga matakin jiha. Ga ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi, ita ce gajeriyar hanyar zuwa gasar Afirka, kamar yadda Bayelsa United ta nuna a 2021 da El-Kanemi a 2024, dukkansu daga rukuni na biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma bashin da Bauchi ba ta gama biya ba. 'Yan wasa da masu horarwar da suka kawo kofin 1998 sun cancanci a tattara tarihinsu a rubuce, a kafa sunayensu a bangon filin wasan, a nemi waɗanda ke raye a ji ta bakinsu, a duba halin iyalan waɗanda suka rasu. Yaron da ya san sunan kocin kowace ƙungiya a Ingila da Sifaniya ya kamata ya san waɗanda suka ɗaukaka garinsu.

Magoya baya su ma suna da nasu rabo. Ihun a kori koci bayan kowace rashin nasara shi ke ba hukuma uzurin yanke hukunci cikin gaggawa. Gasar da aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna ta sauya suna sau da dama, amma har yau ƙungiyar da ta riƙe kocinta ta kuma biya shi haƙƙinsa ita ta fi kusa da ɗaukarta. Bauchi ta nuna cewa tana iya gano koci nagari. Saura ta koyi yadda ake riƙe shi.